Tambayoyi da amsoshi kan auna nisa wajen tsabtace hoton kaya a teburin biyan kuɗi

Mai babban kanti a Garwa, Marwa, Ngaundare ko Njamena da ke shirin sabunta na'urorin teburin biyan kuɗi zai iya cin karo da wata magana a bakin dillalai, wato cewa sabuwar sikana, na'urar da ke karanta bakod (layukan lamba baƙi da fari da ke jikin kaya), tana ɗaukar hoton kaya, tana auna nisansu, sannan ta share duk abin da ba kayan ba ne daga cikin hoton. An tattara tambayoyin da ke ƙasa ne domin mai kanti da mai karɓar kuɗi da mai sayayya su fahimci yadda abin yake aiki kafin a kashe sefa a kansa.

Sikana aikinta karanta bakod ne, to me ya haɗa ta da ɗaukar hoto?

Da farko babu abin da ya haɗa su. Ranar 26 ga Yunin 1974 aka fara karanta bakod a wurin biyan kuɗi, a wani kanti da ke garin Troy na jihar Ohayo a Amurka, kuma abin da aka saya ƙunshin cingam ne. Na'urorin wancan zamani hasken leza suke harbawa a kan layukan nan baƙi da fari, su karɓi hasken da ya dawo, su mayar da shi lambobi, ba tare da sun ga gwangwani ko kwali ko hannun da ke riƙe da shi ba. Daga baya masu ƙera na'urori irin su Datalogic da Zebra suka koma amfani da kyamara, wadda take ɗaukar hotuna masu yawa a cikin daƙiƙa guda, sai kwamfutar da ke ciki ta nemo bakod a cikin hoton ta karanta. Wannan ne ya sa sikanar yau take iya karanta lambar QR a fuskar waya. Tun da kyamara tana nan, kuma kowane kaya sai ya bi ta gabanta, sai aka ga cewa hoton da a da ake zubarwa da zarar an karanta lamba yana da amfanin da ya wuce haka.

Me ake nufi da auna nisa a nan?

Hoton da muka saba gani yana faɗin launin kowane ɗigo ne kawai, wannan ja ne, wancan kore ne, amma ba ya faɗin wanne ne kusa da kyamara, wanne ne nesa. Na'urar auna nisa tana samar da hoto na biyu, wanda a cikinsa kowane ɗigo yake ɗauke da tazarar da ke tsakaninsa da kyamara, a milimita ko santimita. Wannan hoto na biyu ake kira taswirar nisa. Idan aka ɗora shi a kan hoton launi, kwamfuta za ta san cewa gwangwanin madarar nan yana nisan santimita 20, rigar mai sayayya kuma tana nisan santimita 90, ko da launinsu ɗaya ne.

Ta wace hanya na'ura take sanin nisan abu?

Hanyoyi uku ne aka fi amfani da su. Ta farko ita ce ta kyamara biyu da aka jera gefe da gefe. Mai karatu zai iya gwada ta da kansa: ya ɗaga yatsa a gaban fuskarsa, ya rufe ido ɗaya sannan ya rufe ɗayan, zai ga yatsan yana tsalle sosai alhali bangon da ke nesa bai motsa ba sai kaɗan. Daga girman wannan tsalle ake lissafa nisa. Matsalar hanyar ita ce tana buƙatar abin da ke da zane ko alama a jikinsa, domin farin kwali sumul ba ya ba kyamarorin biyu wani wuri da za su kwatanta.

Ta biyu ita ce a watsa dubban ɗige-ɗigen hasken infared, wanda idon mutum ba ya gani, a kan abin da ake so a auna, sai kyamara ta duba yadda ɗigon suka gurɓata daga tsarinsu na asali. Na'urar wasa ta Kinect da kamfanin Microsoft ya fitar a 2010 ita ce ta yaɗa wannan hanya, kuma da ita wayar iPhone X ta 2017 take gane fuskar mai ita, inda take watsa ɗigo sama da 30,000.

Ta uku ita ce auna lokacin da haske yake ɗauka ya je ya dawo. Haske yana tafiyar kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa, wato kusan santimita 30 a cikin kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa. Idan kaya suna nisan santimita 30, zuwa da dawowa kashi biyu ne kacal cikin biliyan na daƙiƙa, kuma bambancin santimita ɗaya bai kai kashi ɗaya cikin goma na wannan ɗan ƙanƙanin ma'auni ba. Saboda wahalar auna irin wannan lokaci kai tsaye, yawancin kyamarorin suna kunna haskensu suna kashewa sau miliyoyi a daƙiƙa, sannan su duba yadda hasken da ya dawo ya yi jinkiri a kan wanda ya fita.

Yaya ake tsabtace hoton, daga lokacin da kaya suka zo gaban sikana?

A ɗauki kwalbar man gyaɗa mai lita ɗaya a hannun mai karɓar kuɗi. Sikanar babban kanti yawanci tagogi biyu gare ta, ɗaya a kwance a kan tebur ɗaya a tsaye, sau da yawa kuma da sikeli a ƙarƙashin ta kwancen. Tun ranar da aka girka na'urar an auna wurin babu kowa babu komai, don haka ta san nisan gilashin, da gefen tebur, da bangon da ke baya. An kuma shata mata wani fili a cikin iska, misali daga fuskar taga zuwa santimita 30 ko 40, aka ce a nan ne kaya suke wucewa.

Da kwalbar ta shigo wannan fili, kyamarar launi za ta ɗauki abubuwa da yawa tare da ita: hannu mai lalle, bakin hannun riga, atamfar matar da ke jiran canjinta, kwandon sayayya, da hasken fitilar rufi. Sai kwamfuta ta duba taswirar nisa, ta watsar da duk ɗigon da nisansa ya wuce filin da aka shata, ta kuma watsar da duk wanda nisansa bai canza daga ma'aunin farko ba, domin wannan tebur ne ko bango. Abin da ya rage shi ne shacin kwalbar. Aikin ya yi kama da shiƙar hatsi, inda nauyi yake raba tsaba da ƙaiƙayi, sai dai a nan nisa ne yake rabawa.

Amma shacin farko ba ya fita sumul. A bakin kwalbar akan sami ɗigon da suka ɗauki rabin nisan kwalba da rabin nisan bango, sai su zama kamar suna shawagi a tsakani, a jikinta kuma akan sami ramuka inda na'urar ta kasa auna komai. Don haka ake cike ramukan, a gyara gefen ta hanyar duba inda launi ya canza a hoton asali, sannan a yanke hoton daidai girman kwalbar, a maye bayanta da launi guda. Wani muhimmin sharaɗi shi ne kyamarar launi da ta nisa ba a wuri ɗaya suke zaune ba, saboda haka dole ne a daidaita su da kyau. Idan daidaiton ya goce ko da kaɗan, shacin zai yanke murfin kwalbar ya bar wani yanki na tebur, kuma wannan kuskure ne da ba kasafai mai kanti yake lura da shi ba sai ya nemi a nuna masa hotunan.

Me ya hana a raba kaya da bayansu ta hanyar launi kawai?

Ana yi, amma hanyar tana da rauni a wurin da launi ya yi yawa. Kwalin dunƙulen miya mai ruwan ɗorawa da ja idan ya wuce ta gaban atamfa mai ruwan ɗorawa da ja, kwamfuta tana iya haɗe su wuri guda. Hasken safe daban yake da na la'asar, idan kuma wuta ta ɗauke aka koma janareto ko fitilar sola, launin komai sai ya sauya. Nisan kwalin daga taga kuwa ba ruwansa da kayan da mai sayayya ya sa, ba ruwansa da irin fitilar da ke ci. A ganinmu wannan ne babban dalilin da ya sa hanyar auna nisa ta cancanci a kula da ita, ko da yake mafi ingancin na'urori suna haɗa biyun ne, nisa ya yi yankan farko, launi ya gyara gefe.

Hannun mai karɓar kuɗi fa, tun da yana manne da kayan?

Wannan ita ce tambayar da ta fi wuya, domin yatsu da gwangwani nisansu ɗaya ne, auna nisa shi kaɗai ba zai raba su ba. Abin da taswirar take taimakawa da shi shi ne nuna dantse, wanda yake miƙewa daga kayan har ya fice daga filin da aka shata, sai a bi shi a yanke. Yatsun da ke kan kayan kuwa sai an koya wa kwamfuta siffar hannu. A nan akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Idan hotunan da aka koyar da ita na hannaye masu hasken fata ne kawai, za ta iya kasa gane baƙar fata, ko hannu mai lalle, ko mai zobe da awarwaro. Ya kamata mai kanti ya gwada na'urar da hannun ma'aikatansa na ainihi kafin ya amince da ita.

Wace riba kanti yake samu daga tsabtataccen hoto?

Ta farko ita ce gane kayan da ba su da bakod. Tumatir, albasa, ayaba da mangwaro ba a buga musu layuka a jiki, shi ya sa a ƙasashe da dama ake amfani da gajerun lambobi masu alƙaluma huɗu ko biyar, kamar 4011 da aka ware wa ayaba, kuma mai karɓar kuɗi sai ya haddace su ko ya yi ta nema a allo layi yana tsawo. Idan na'ura ta gane abin da ke kan sikeli, sai ta fito masa da zaɓi biyu ko uku ya taɓa wanda ya dace.

Ta biyu ita ce kama musanyar lamba. Wani yakan ɓamɓare takardar bakod daga kaya mai arha ya liƙa a kan mai tsada, sikana kuma ba ta da yadda za ta sani idan lambar kaɗai take karantawa. Da hoto a hannu, kwamfuta za ta kwatanta abin da lamba ta ce da abin da ido ya gani. A nan auna nisa yana ƙara wani abu da hoton launi ba zai iya ba, wato girman kaya. Gwangwanin madara ƙarami da babba zanensu ɗaya ne, kuma ƙaramin da aka kusanto da kyamara yakan yi kama da babban da aka nisanta, amma idan an san nisa an san tsawo da faɗi na gaskiya.

Ta uku ba a ganinta a tebur, amma ita ce ginshiƙin sauran. Kwamfutar da ke gane kaya daga dubban hotuna take koyo, kuma tana koyon duk abin da ta gani, har da wanda ba a nufa ba. Idan a yawancin hotunan sabulu akwai koren kwando a baya, za ta iya ɗauka cewa koren kwando alamar sabulu ce, ranar da aka canza kwanduna kuma sai ta rikice. Hoton da aka share bayansa yana tilasta mata ta kalli sabulun kansa. Ƙari a kan haka, hoton da aka yanke ya fi ƙanƙanta, don haka ba ya cin wurin ajiya da kuɗin intanet kamar cikakken hoto, abin da duk mai sayen data a nan ya san darajarsa.

Waɗanne kaya ne suke ba na'urar wahala?

Duk abin da haske yake ratsawa, da duk abin da yake ƙyalli, da duk abin da ya cika baƙi. Ruwan leda da ruwan gora suna barin hasken ya wuce, sai na'urar ta auna teburin da ke bayansu ta ɗauka babu komai a wurin. Gwangwanin sadin da takardar biskit mai walƙiya suna karkatar da hasken zuwa wani gefe, ko su mayar da shi da ƙarfin da zai makantar da kyamara. Baƙar leda kuwa tana iya shanye hasken har wanda ya dawo ya kasa isa a yi lissafi. Abin lura shi ne waɗannan sanannun kaya ne a kantunanmu, su ne ake saya dare da rana, musamman ruwa a watannin Maris da Afrilu lokacin da zafi yake haura digiri 40 a Garwa da Njamena. Na'ura mai kyau takan gane cewa taswirar ta lalace, ta koma dogaro da launi da bakod, maimakon ta ba da hoton da aka yanke ba daidai ba.

Rana da ƙura da ɗaukewar wuta ba za su lalata aikin ba?

Za su iya. Hasken rana yana ɗauke da infared mai yawa, don haka teburin da ke bakin ƙofa inda rana take faɗowa kai tsaye zai iya nutsar da ɗan hasken da na'urar take fitarwa. Masu ƙerawa da yawa suna zaɓar hasken infared mai tsawon zango nanomita 940 maimakon 850 (ma'aunin da ake bambanta nau'o'in haske da shi ke nan), saboda tururin ruwan da ke sararin sama yana shanye wani kaso na hasken rana a daidai wannan zango, amma wannan ragi ne kawai, mafita mafi sauƙi ita ce a matsar da teburin cikin inuwa.

Ƙurar hunturu ita ce babbar abokiyar gaba. Daga Disamba zuwa Fabrairu tana kwanciya a kan gilashi cikin sa'o'i kaɗan, ta watsa hasken tun kafin ya fita, har na'urar ta riƙa ganin kamar akwai wani abu a manne da tagarta. Sai an riƙa goge gilashin da tsumma mai laushi, domin busasshen tsumma mai yashi yana karce shi, karcewar kuma ba ta gyaruwa. Game da wuta, yawan ɗaukewa da dawowa da ƙarfi yana illa ga kowace kwamfuta, saboda haka batirin tsaro da na'urar daidaita wuta suna cikin lissafin kuɗin tun farko. Ya kamata kuma a tambayi dillali ko aikin tsabtace hoton a cikin sikanar ake yinsa ko sai an tura ta intanet, domin wanda ya dogara da intanet zai tsaya duk ranar da layi ya yanke.

Hasken da ba a gani ɗin ba ya cutar da ido?

Na'urorin da aka ƙera don amfani a cikin jama'a ana sa su a aji na 1 na ma'aunin tsaron leza, wato ajin da ba ya cutarwa idan an yi amfani da shi yadda aka tsara. A duba wannan alama a jikin na'ura ko a takardarta, kuma kada a bar mai gyaran da bai san ta ba ya buɗe ta tana kunne.

Ana ajiye hoton fuskar masu sayayya ne?

Ya danganta da yadda aka tsara na'urar, kuma tambaya ce da ta halatta, musamman ga matan da ba sa son a ɗauki hotonsu. Taga ta tsaye tana iya hango mutumin da ke gabanta. Idan ana share bayan hoton a cikin sikanar kafin a ajiye komai, fuska da tufafi da katin banki da fuskar wayar mai biya duk sun tafi tare da abin da aka watsar, kuma wannan yana daga cikin alheran hanyar da ba a cika ambata ba. Idan kuwa ana ajiye cikakken hoton tare da tsabtataccen, to babu kariyar da aka samu. Chadi tana da dokar kare bayanan mutane tun 2015, Kamaru kuma ta kafa tata a ƙarshen 2024, saboda haka mai kanti yana da nauyin sanin abin da na'urarsa take ajiyewa, da inda take ajiyewa, da tsawon lokacin. Muna ganin ya dace a rubuta wannan a cikin yarjejeniyar saye, a kuma liƙa sanarwa a bakin tebur da Faransanci da harshen da masu sayayya suke ji.

Wannan zai kawar da bakod ko ya raba mai karɓar kuɗi da aikinsa?

Bakod yana nan daram, domin shi ne yake faɗin ainihin kaya ba tare da kintace ba, hoto kuwa mai yiwuwa yake faɗi. Ƙungiyar GS1 da ke kula da waɗannan lambobi a duniya tana ma ƙoƙarin ganin sikanonin kantuna sun iya karanta lambobi irin na QR zuwa ƙarshen 2027. Mai karɓar kuɗi kuma shi ne yake yanke hukunci idan lamba da hoto suka saɓa, kuma ya kamata a koya masa cewa gargaɗin na'ura ba shaidar sata ba ne. Kamfani yakan canza zanen kwali, leda takan rufe rabin kaya, kuma kunyata dattijo a gaban layi saboda kuskuren kwamfuta asara ce da ta fi kuɗin gwangwani.

Na'urar za ta gane kilishi da dabino da sauran kayan gida?

Ba za ta gane su da kanta ba, sai an nuna mata. Kwamfutar da aka koyar da hotunan kantunan Turai ba ta taɓa ganin kilishi a nannaɗe a takarda ba, ko busasshiyar kuɓewa, ko ƙullin daddawa, ko albasar Marwa a cikin raga. Hanyar da ta fi dacewa ita ce kanti ya tara hotunansa da kansa yayin ciniki. Duk lokacin da mai karɓar kuɗi ya zaɓi sunan kaya a allo, ko ya karanta takardar da sikelin kantin ya buga, wadda lambarta takan fara da 2 domin an keɓe wannan rukuni don amfanin cikin kanti, sai a haɗa sunan da tsabtataccen hoton. A haka tarin hotuna yake girma ba tare da an ɗauki mai hoto ba. Sharaɗin shi ne ma'aikata su riƙa zaɓar sunan da ya dace, domin idan aka saba buga attaruhu a matsayin tattasai saboda farashinsu ɗaya ne a ranar, na'urar ma haka za ta koya.

Ƙaramin kanti yana buƙatar wannan, kuma me za a gwada kafin a saya?

Mai shagon unguwa da ke da tebur ɗaya, wanda ya san kayansa da abokan cinikinsa, sikanar hannu ta ishe shi. Abin yana fara biyan kuɗinsa ne a inda tebura suke da yawa, ana sayar da kayan gwari a sikeli, kuma mai kanti ba ya iya zama a kan kowane ciniki. Wanda ya kai wannan matsayi ya nemi a kawo na'urar kantinsa, a girka ta a daidai inda za ta zauna, a gwada ta da tsakar rana da kuma bayan magariba. Ya wuce da ruwan leda, da gwangwanin sadin, da kaya a baƙar leda, da madara ƙarama da babba masu zane ɗaya, a hannun ma'aikata daban-daban, sannan ya ce a nuna masa hotunan da aka yanke ɗaya bayan ɗaya a allo. Ya tambayi wanda zai sake daidaita kyamarorin idan an matsar da tebur, da garin da mai gyaran yake zaune, ko Garwa ne ko sai an jira shi daga Duwala, da kuma kuɗin da za a riƙa biya duk shekara a kan manhajar bayan an gama biyan na'urar.